Tsokar da ba ta motsi ma aiki take yi

A shekarata ta farko a sashen gashin ƙashi, yawancin masu zuwa mini da ciwon wuya da kafaɗa teloli ne da masu aikin kwamfuta. Abin ya ɗaure mini kai, domin babu wanda ya ɗauki kaya mai nauyi a cikinsu, kuma shawarar da nake ba su ita ce su riƙa zama a miƙe.

Sai da na koma kan darasin jijiyoyi na gane kuskurena. Kowace jijiyar motsi da ta fito daga laka tana da nata rukunin zaren tsoka da take umarta, kuma tun 1957 Elwood Henneman, masani ɗan Amurka, ya nuna cewa ba a tayar da waɗannan rukunoni barkatai: ƙananan ake fara kira, manyan kuwa sai nauyi ya ƙaru. Saboda haka telan da ya ɗan ɗage kafaɗa a kan keken ɗinki tun safe, ƙananan nan ne ke ɗauke da shi har azahar, su ne farkon shiga kuma ƙarshen fita, alhali manyan na kwance. Wannan ne Göran Hägg, wani mai bincike na ƙasar Suwidin, ya danganta da ciwon tsokar ma'aikata a 1991.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyaran da ake yi ba tare da saninmu ba. A cikin tsoka akwai ƙananan masu jin saƙo da ke sanar da laka tsawonta, wasu kuma a mahaɗarta da ƙashi suna sanar da ƙarfin ja. Duk wanda ya miƙa hannu ya riƙe kofin shayi zai ga wata 'yar makyarkyata, kimanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, wadda ke ƙaruwa idan gajiya ta shigo. Ga kuma jini: tsokar da ta daɗe a ɗaure tana matse hanyoyinsa, shi ya sa mutum ba ya iya riƙe tsoka a ɗaure da rabin ƙarfinta fiye da minti ɗaya ko kusa da haka.

Yanzu idan tela ya zauna gabana, nakan fara da tambayar tsayin kujerarsa da na kekensa, sannan in ce masa, "Malam, duk bayan rabin awa ka saki kafaɗarka, ka miƙe ka ɗan taka." Da yawa sun dawo bayan makonni suna cewa wuyan ya yi sauƙi.