Godiya ga Duk Wanda Ya Sa Hannu a Bajekolin Sana'o'in Garinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nufe mu da ganin wannan biki, aka fara lafiya aka tashi lafiya, baƙi suka koma gidajensu ba wanda ya yi ko tuntuɓe. Kwamitin shirya bajekolin ne ya ɗora mini nauyin rubuta wannan saƙo a madadinsa da madadin mutanen garinmu. Mun jinkirta shi da gangan har sai da aka kwance rumfuna, aka mayar da kowane benci da kowace tabarmar aro ga mai ita, don kada mu yi godiya alhali kayan mutane suna hannunmu.

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Abin da muka roƙa shi ne ka zo ka buɗe taro, ka sa albarka, ka koma. Sai ga shi ka bi rumfa-rumfa a ƙafa cikin ƙurar hunturu, kana tambayar kowane mai sana'a sunan mahaifinsa da wajen wanda ya koya. Dattawan da ka tsaya a gabansu har yau zancen suke yi. Dagaci da masu unguwanni, ranku ya daɗe, ku ne kuka shiga gida-gida tun kafin a cire amfanin gona kuna lallashin waɗanda suka ce kayansu ba na nunawa ba ne. Liman ya buɗe mana da addu'a, ya rufe da addu'a. Hedimasta ya ba mu filin firamare da azuzuwa ba tare da ya nemi ko sisi ba. Allah ya saka muku da alheri.

Amma kaso mafi tsoka na wannan godiya na masu sana'a ne, kuma a kansu zan tsaya. Shekara da shekaru kayan garin nan suna fita. Dillali ya zo ranar kasuwa ya kwashe, su ɓulla a Kasuwar Kurmi ko a shagunan Abuja da ninkin kuɗi, mai saye bai san hannun da ya yi su ba, bai ma san sunan garin ba. Abin ya daɗe a ƙasar Hausa: fatar jar akuyar Sakkwato da majema suka jeme da bagaruwa ta ratsa Sahara a bayan raƙuma, Turawa suka riƙa sayenta da sunan fatar Maroko. Shi ya sa muka kafe a kan abu ɗaya tun zaman farko: kowane kaya ya zauna a gaban mai shi, da sunansa a rubuce a kwali da boko da ajami, kuma shi zai yanke kuɗinsa da bakinsa. Da yawanku kun yi nauyin baki da farko. Duk da haka kun fito, kun kuma yarda kun yi aikin a gaban jama'a, abin da ya fi shimfiɗa kaya wuya nesa ba kusa ba.

Inna, shugabar maginan tukwane ta unguwar gabas, na san ba kya son a ambace ki, amma dole in yi. Ta zo da yumɓunta a kwaɓe tun daga gida, ta kifa tsohuwar tukunya a ƙasa, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓun a kai tana bubbugawa har gindin randa ya fito. Da ya sha iska ta juya shi, ta riƙa murza yumɓu tana ɗorawa zagaye-zagaye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ita ce ke kewaya randar, ba randar ke juyawa ba. Ba inji, ba ma'auni, amma baki ya fito daidai. 'Yan matan sakandare da suka taso suna shan ruwan randarta suka tsaya cirko-cirko, wata ta ce, "Inna, dama haka kike yi?" Nan wani malaminsu ya zaro naira ashirin ya juya bayanta ya nuna musu hoton Ladi Kwali, ya ba su labarin yadda ta koyi ginin tukwane a ƙauyen Kwali tun tana yarinya, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Suleja a 1954, aka kai aikinta har Ingila da Amurka, ta rasu a 1984. Inna ta karɓi takardar ta daɗe tana duba zaman matar da yadda ta riƙe tukunyar, sannan ta mayar masa ta ci gaba da aikinta. Kafin la'asar 'yan mata uku sun naɗe hannun riga sun zauna kusa da ita. Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Marina ba ta ɗaukuwa zuwa fili, don haka jama'a ne suka bi Baba marini zuwa bayan gari. Duk wanda ya je ya ga ramukan da ƙasa ta cike da waɗanda ciyawa ta rufe, ya ga 'yan ƙalilan da suka rage da rai. Baba ya haɗa baba da toka da katsi tun kwanaki kafin biki don rinin ya nuna a kan lokaci, da kuɗin aljihunsa, ya hana mu biya. Da ya tsamo farin ƙyalle daga ramin sai ya fito kore, yara suka fara dariya wai rini ya ɓaci. Ya ce su yi haƙuri, ya baza shi a iska, a gaban idonsu ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake bazawa, kowane zagaye launin yana ƙara duhu. Ana yawan kai baƙi marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma kowa ya san turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa har Agadas. A ganina marinar ƙauye irin tamu ta fi su buƙatar ido, domin ita in mai ita ya kwanta dama ba wanda zai ji labari. Baba, mun gode da ka buɗe mana karofinka, mun gode da ka ce duk yaron da ke so ya zo ka koya masa.

Iyayenmu mata da ke cikin gida, ku ne kuka ba kowa mamaki. An keɓe muku aji biyu, mata kawai ke shiga da rana, da yamma aka fito da kayan don maza su gani. Hulunan da aka yi makonni ana ɗinkawa da allura da zare, faya-fayan kaba masu launi, ƙoren da aka zana da wuƙa mai zafi, tabarmi, mafitai. Ɗinkin hula ya fi komai cin ido da baya, kuma shi dillalai suka fi saye da arha, don mai ɗinkin ba ta fita ta ga kasuwa. Wannan karon kun ji da kunnenku abin da mutumin birni ke biya. Muna godiya ga mazajen da suka ba da izini, da Magajiya da ta tsaya a ƙofar ajin daga safe har yamma.

Alaramma ya ba mu aron allunan zayyana na almajiran da suka yi sauka, bisa sharaɗin a rataye su sama kuma kada wanda ba shi da alwala ya taɓa. Mun cika sharaɗin, Allah gafarta Malam, mun kuma gode. A bango ɗaya da allunan aka jera zanen samarinmu, har da masu karatun zane a Zariya da masu rubuta allunan shaguna da zanen jikin manyan motoci. Akwai zanen masussuka da wani yaro ya yi, wanda manoma suka tsaya suna nuna juna a ciki. Sarkin Magina kuwa ya ɗaga ɗan guntun bango da tubali a tsakiyar fili, ya shafe shi da makuba, ya fitar da dagi da ɗan yatsa tun laka tana ɗanya. Yana yi yana ba samari labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara. Sarkin Maƙera da yaransa sun kafa zuga-zugi a gefe, dukawa da masaƙa su ma ba a bar su a baya ba.

Ba za mu ɓoye abin da ya faru ranar Asabar da azahar ba. Guguwa ta taso daga gabas ta ɗaga rumfar zana guda, ta kifar da ita a kan tulunan wata baiwar Allah, aikin da ta yi tun ƙarshen damina. Yawanci sun fashe. Kafin kwamiti ya gama shawara, samarin majalisar bakin kasuwa sun tayar da rumfar sun ƙara mata dirkoki, wani dattijo daga cikin baƙi ya cire hularsa ya zagaya da ita, aka tara abin da ya biya ta hasararta. Ba mu san sunansa ba, ya tafi kafin a tambaya. In wannan saƙo ya kai gare ka, Alhaji, matar tana yi maka addu'a, mu ma haka.

Makaɗan kalangu da na gurmi, da matan da suka yi kiɗan ƙwarya a ɓangarensu, kun raya filin. 'Yan kokawa kun yi wasa mai tsabta, an tashi ba faɗa. Matan da suka kwana a gindin murhu suna tuƙa tuwo da suyar waina don baƙi, 'yan sintirin da suka kwana gadin kaya cikin sanyi, ma'aikatan asibitin garin da suka zauna da akwatin magani, 'yan acaɓan da suka yi jigilar tsofaffi kyauta, da 'ya'yan garin nan mazauna Kano da Kaduna da Legas da suka turo gudummawa, Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya, ya biya ku da mafificin alheri. Baƙinmu na garuruwan maƙwabta da na birni, mun gode da kuka saya ba tare da kun karya farashi ba.

Waɗanda suka ba da aikin hula ko randa ko rini suka bar kafin alƙalami, sunayenku suna hannun sakataren kwamiti, kuma kai tsaye za a haɗa ku da mai aikin. Akwai takalman yara da mayafi da makullin babur da aka tsinta a fili, suna ƙofar gidan Dagaci. Iyayen da 'ya'yansu suka nuna sha'awar koyon rini ko ginin tukwane ko ƙira, ku kawo su da kanku ku danƙa su hannun masu sana'ar, kamar yadda aka saba. Za a karanta lissafin kuɗin da aka tara da yadda aka kashe su ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa yana iya zuwa ya ji ya yi tambaya.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana waɗannan sana'o'i, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya maimaita mana. Amin.

A madadin kwamitin shirya bajekoli.