Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Takardar da Na Sa wa Hannu

Makon jiya mun tsaya a ranar da lasisina ya fito daga hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa. Zaman da ya biyo baya ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Wata takwas ne na allurar maƙwabta da awon jinin Inna.

Kawu na Gwammaja ne ya samo aikin. Abokinsa ne tun na firamare, likita, yana da asibitin kuɗi can wajen Hotoro. Ranar da za mu je, cikin watan Mayun 2023, har babbar rigarsa ta Juma'a ya saka. Aka miƙo min takarda shafi uku. Ban gama layi biyar ba ya ce, "Ke, Alhajin ne zai cuce ki? Sa hannu mana." Na sa. Metiron, shugabar ma'aikatan jinyar asibitin, ta karɓi ainihin satifiket ɗina da lasisin, ta zura a durowa ta murɗa mukulli, ta ce in fara aiki 1 ga Yuni, bakwai da rabi na safe. Ƙarar mukullin nan har yau tana kunnena.

Sai da dare na karanta kwafin da fitilar waya. Shekara biyu cur. Wadda ta tafi kafin nan za ta biya albashin wata uku. Albashin kuwa dubu 40, diyutin dare mako guda kowane wata, babu ko sisin alawus. Na kira wata da muka yi makaranta tare, ta taɓa aiki a wurin. Ta ce da dare nas ɗaya ce ke riƙe da ɗakin maza da na mata da ɗakin haihuwa, in ruwan wani ya ƙare kina kan mai naƙuda, sai dai mai jinyarsa ya rufe.

Duk da haka na yi niyyar zuwa, Allah ne shaida. Har yunifom biyu na kai ɗinki. Sai ga 29 ga Mayu, Tinubu na karɓar rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500. Daga Kurna zuwa Hotoro sahu biyu ne, sai na sauka a Bata na sake hawa. Na zauna da biro a bayan kwalin maganin Inna na buga kuɗin zuwa da dawowa na wata. Abin da ya rage bai kai in sayi sabulu da man shafawa in miƙa wa Inna wani abu ba.

Da na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa, bai ɗaga murya ba. Gara ma ya yi faɗa. Cewa kawai ya yi, "Alƙawari kaya ne." Na ce, "Kawu, ai ban fara ba, ban karɓi ko kwabo ba." Ya maimaita, "Alƙawari kaya ne, 'yar nan." To kaya ne, na yarda. Amma a kan wa aka ɗora? Shi ya ce in sa hannu, ni ce zan kwana da ɗakuna uku. Wannan ban faɗa a gabansa ba, yau nake faɗa.

Ba na ɓoye cewa maganar ta dawo min daga baya. A Fabrairun 2024 hukumarmu ta fito da ƙa'idar sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardu zuwa ƙasar waje. Ƙawata ana mata maganar Saudiyya lokacin. Na kwana ina ƙirga cewa da na daure, da Yunin 2025 shekarata biyu cif a wuri guda. Na ji muryar Kawu ras kamar yana bakin ƙofa.

Mu koma. Yaya Babba ne ya nuna wa wani lauya abokinsa takardar. Ya ɗora yatsa a kan layin da ya ce shekara biyun daga ranar fara aiki ake ƙirga su, ya ce in rubuta wasiƙar janyewa, in kai kafin ranar, in tabbata an buga min hatimi a kwafina. Ranar 31 ga wata na kai. Takarduna kuwa sai da na yi sahu huɗu. Yau Metiron na tiyata, gobe mukullin na wurin Dokta. A zuwa na huɗu ta turo su kan tebur ba ta dube ni ba, ta ce, "Yaran yanzu." Gefen satifiket ɗin har ya lanƙwashe.

Da babbar sallah, 28 ga Yuni, na je gaida Kawu da tuwon da Inna ta ba ni. Na ce, "Kawu, barka da sallah." Ya ce, "Lafiya," ya ƙara muryar rediyonsa. Matarsa ce ta raka ni zaure, ta cusa min ƙullin nama a jaka.

Mako mai zuwa zan faɗa muku yadda na ƙare a kemis ɗin Rijiyar Lemo.