Haɗa na'urar kunna MP3 da VS1053: an kai matakin da sauti ya fito

'Yan'uwa masu koyo, a wannan mataki an haɗa aisin VS1053 (IC mai warware sauti) da ƙaramin allon sarrafawa na Arduino Uno da katin memori, har waƙa ta fito daga farko zuwa ƙarshe ba ta yanke ba. Uno shi kaɗai ba zai iya warware MP3 ba, domin RAM ɗinsa kilobayit 2 ne kacal. Shi ya sa aka ɗora nauyin a kan VS1053 na kamfanin VLSI Solution da ke Finland, wanda ke warware MP3 da AAC da Ogg Vorbis da WMA a cikinsa. Aikin Uno ɗaya ne: ya ɗebo daga kati, ya miƙa masa.

Kafin ku jona komai, ku duba ko allon da kuka saya yana da abin rage wuta a layukan sigina. Ƙafafun aisin ba sa ɗaukar fiye da bolt 3.6, Uno kuwa 5 yake bayarwa. Kati da aisi suna raba MOSI da MISO da SCK, wato wayoyin SPI da Uno ke magana da su ta ciki, amma kowa da wayarsa ta zaɓe. A aisin, XCS ta umarni ce, XDCS ta waƙar kanta, kada a taɓa sauke su tare.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne saurin SPI. Da zarar an tashe shi, aisin yana tafiya ne da agogon megahaz 12.288, kuma karatu daga rijistocinsa ba ya wuce kashi ɗaya cikin bakwai na wannan. Don haka ku fara da megahaz 1, ku rubuta 0x6000 a rijistar CLOCKF domin agogon ya ninka sau uku, ku jira DREQ, ƙafar da aisin ke nuna ya shirya da ita, ta tashi, sannan ku ƙara zuwa 4. Wanda ya fara da gudu zai riƙa karanta lambobi marasa kan gado, ya ɗauka allon ne ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

Kada ku taɓa kati tukuna, ku fara gwada sautin aisin. Ku kunna SM_TESTS a rijistar MODE, ku tura 0x53 0xEF 0x6E 0x44 da sifili huɗu ta XDCS. In komai daidai ne za ku ji ƙara siririya ta haz 1000 a kunne. In shiru ne, ku leƙa VOL, rijistar ƙarfin sauti: 0x0000 ne mafi ƙarfi, 0xFEFE kuma shiru ɗungum, mutane da yawa suna juya su. Akwai kuma alluna masu araha da ke tashi a yanayin MIDI maimakon na MP3 saboda yadda aka bar ƙafafun GPIO0 da GPIO1. Maganinsa a rubuta 3 a adireshin 0xC017, a rubuta 0 a 0xC019, a sake tashin aisin ta SM_RESET.

DREQ ita ce zuciyar aikin. In ta tashi, aisin yana da wurin aƙalla bayit 32, to 32 ɗin za ku tura ku sake dubawa. Rumbunsa na ciki bayit 2048 ne. Waƙa mai kilobit 128 a daƙiƙa tana cin bayit 16,000, wato rumbun zai ƙare cikin kusan milidaƙiƙa 128. Mai 320 kuwa 51 kawai take ba ku. Duk wani delay() da aka manta a cikin lambar, ko rubutu mai yawa zuwa Serial, nan take za a ji waƙar tana sarƙewa. Ku karanto bayit 512 daga kati a tashi ɗaya, ku raba shi gida 16.

Wannan kuma ina roƙonku ku kiyaye: ƙafar GBUF ba GND (ƙasa) ba ce. Tana ɗauke da kusan bolt 1.2, an yi ta ne domin iyafis. In za a jona amfilifaya, a sa kafasita a layin hagu da na dama, a ɗauki GND na allo, a bar GBUF. Haɗa ta da ƙasa na iya ƙona ɓangaren sautin.

Abin da ya rage shi ne sauya waƙa ba tare da ƙarar "ƙas" ba. In fayil ya ƙare, a karanto endFillByte, bayit ɗin cike ƙarshen fayil, daga 0x1E06, a tura shi sau 2052, a kunna SM_CANCEL a rijistar MODE, a ci gaba da turawa 32-32 har ya sauka da kansa. Bayan nan za a saka maɓallan gaba da baya.