Kafin ka ce rimot ɗin ya lalace

Ƙannena, na san a gidaje da yawa ku ake kira idan wata na'ura ta ƙi aiki. Shi ya sa nake so in ba ku labarin makon da na kawo doguwar lasifikar nan ta talabijin, wadda ake ce wa saunba, da asarar kuɗi da ta lokaci da na yi a kanta saboda gaggawa.

Tun daren farko sauti ya fito ras, har na ji daɗin sayen da na yi. Can dare ya yi, yara sun kwanta, na ɗauki rimot ɗin talabijin zan rage murya. Lamba tana sauka a kan allo, 20, 15, 10, amma muryar tana nan yadda take. Na kai ta sifili, saunba na ci gaba da ihu. Sai da na laluba cikin kwali na ciro ƙaramin rimot ɗinta sannan aka samu sauƙi. Nan take na yanke hukunci cewa rimot ɗin talabijin ya tsufa, washegari na sayo sabo. Na sa masa batir, na danna, bai canza komai ba.

Da na tsaya na yi tunani da ban sayo shi ba. Rimot ɗin da ke sa lamba ta sauka a allo ai lafiyarsa ƙalau, saƙonsa yana isa. Ko da ma ana shakka, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Yawancin rimot suna aika saƙo ne da wani haske da idon mutum ba ya gani, infirared, mai tsawon zango kusan nanomita 940, amma kyamarar waya tana iya kama shi. Buɗe kyamara, ka saita kan rimot ɗin a gabanta, ka danna kowane maɓalli. Za ka ga ɗan ƙwan da ke goshinsa yana walƙiya fari-fari ko shunayya. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba, domin wasu wayoyin suna tace wannan hasken. In ka ga walƙiyar ta yi rauni, batir ne. In tana da ƙarfi, to ka bar rimot ya huta, matsalar tana gaba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, hanyar da sauti yake bi daban, hanyar da umarni yake bi daban. Na haɗa saunbar ne da siririyar wayar nan da ta zo cikin kwali, mai fitar da jan haske a bakinta, wato wayar oftikal. Kamfanin Toshiba ne ya fito da ita tun 1983, kuma aikinta guda ɗaya ne tak: ta ɗauki sauti daga nan ta kai can. Ba ta ɗaukar umarnin "ƙara" ko "rage", kuma a yawancin talabijin sautin da ke bi ta cikinta ƙarfinsa a tsaye yake. Ashe lambar da nake gani tana sauka ta lasifikokin cikin talabijin ce, waɗanda ma ba su nake saurare ba.

Wayar HDMI ce ke iya ɗaukar duka biyun. A bakinta akwai ƙananan haƙora 19, na 13 daga cikinsu an ware shi ne domin na'urori su yi magana da juna, tsarin da ake kira CEC. Shi ne yake ba rimot ɗin talabijin damar juya muryar saunba. Sautin kuma yana komawa daga talabijin zuwa saunba ta hanyar ARC, wadda ta shigo tare da HDMI 1.4 a 2009, sai ƙanwarta eARC da ta zo tare da HDMI 2.1 a 2017. Da na ji haka na sayo wayar HDMI, na cusa ta a kafar da hannuna ya fara taɓawa a bayan talabijin. Shiru. Sai da na haska fitilar waya na karanta ƙananan rubutun da ke gefen kafofin, na ga a cikin guda uku ɗaya ce kawai aka rubuta wa ARC. A jikin saunbar ma haka, akwai kafar shiga da ta fita, ta fitar ce ake haɗawa da talabijin. Ku riƙa karanta rubutun nan, don Allah.

Na gyara kafa, sauti bai fito ba, raina ya ɓaci. A nan na tafka kuskuren da ya fi yi mini ciwo: na mayar da talabijin ɗin saitinsa na asali gaba ɗaya. Tashoshin da aka jera, kalmomin sirrin manhajoji, daidaiton hoton da na ɗauki kwanaki ina yi, duk suka tafi, kuma matsalar tana nan. Abin da ake buƙata ashe maɓalli ɗaya ne a cikin saiti, wanda ke kunna CEC. Na wuce ta kansa sau da yawa ban gane shi ba, saboda kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. Samsung suna ce masa Anynet+, LG kuma SimpLink, Sony Bravia Sync, Panasonic Viera Link, Philips EasyLink. Ka nemo sunan da naka yake amfani da shi ka kunna, ka shiga sashen sauti ka zaɓi lasifikar waje a matsayin mafita, sannan ka duba ko ita ma saunbar tana kan ARC, ba a kan oftikal ko Bluetooth ta tsaya ba.

Idan duk ka yi wannan suka ƙi gane juna, zare su duka biyu daga soket. Kashewa da rimot ba kashewa ba ce, barci kawai suke yi da tsohon bayanin a ƙwaƙwalwarsu. Ka ba su kamar minti biyu, ka mayar da wayar HDMI, ka kunna talabijin, sannan saunba. Da na yi haka, na danna rage murya, sai na ga wata sabuwar alama ta fito a allo, ƙaramar fitilar gaban saunba ta ƙifta, murya ta sauka.

Bayan wasu watanni abin ya dawo, kuma wannan karon ban yi garaje ba. Na tambayi kaina, me ya canza a ɗakin nan? Wata na'urar kallo ce aka ƙara a wata kafar HDMI. Layin CEC guda ɗaya ne duk na'urorin suke tarayya a kai, don haka ɗaya idan ta rikice tana iya toshe wa sauran baki. Na zare komai na bar talabijin da saunba kaɗai, rimot ya yi aiki. Na riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa har na kama mai laifin, na shiga saitinta na kashe mata CEC. Da na canza abu uku a lokaci guda kamar yadda na saba, da ko ya gyaru ba zan san dalili ba.

Wanda talabijin ɗinsa ba shi da kafar ARC kada ya karaya. Saunba da yawa suna iya koyon saƙon rimot ɗin talabijin: ka sa ta a yanayin koyo kamar yadda littafinta ya nuna, ka danna ƙara, ka danna rage, ta haddace. Sai ka kashe lasifikokin cikin talabijin don kada murya biyu su haɗu su yi amsa-kuwwa.

Sai kuma mazauni. Idon da talabijin yake karɓar saƙon rimot da shi yawanci yana ƙasan allo ne, daidai inda muke ajiye saunba. Idan ka ga sai ka ɗaga hannu sama ko ka miƙe tsaye kafin rimot ya yi aiki, durƙusa ka duba ko ta rufe idon. Ni tawa da na ja ta gaba kaɗan, na ɗora talabijin a kan wani ɗan katako mai kaurin yatsu biyu, daga kan kujera nake danna shi yana amsawa.