Ruwan datti: abin da mutanen bakin teku sunka riga mu ganewa

Mu mutanen Tawa kowa ya san mu da tahiya bida, Abijan, Lome, Kwatano, duk inda ka je sai ka iske ɗan Adar, amma abin da muke dawowa da shi bai wuce turmin atamfa da tarho ba, ba mai dawowa da dubarar yadda mutanen can suke yi da ruwan salanga da na wanka. Alhali ita ta kamata mu ɗauko, musamman mu da munka zauna Yamai kusa da gulbi.

A ƙauyukan bakin teku ruwa na kusa ƙwarai, wani wurin ka gina rami ko gaba guda bai kai ba ruwa ya taso, ga ƙasar rairayi ce, duk abin da ka zuba ya wuce kai tsaye ya iske rijiyar maƙwabci. Shi ya sa masana ke cewa a bar mita 30 tsakanin salanga da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita 1.5, to can ina za ka samu wannan? Wasu ma kamar Ganvié a Benin bisa tabkin Nokoué gidajensu suke kan turaku, ƙasar da za a gina ramin ma babu. Mu a Tawa tudu ya ɓoye muna asiri, ka gina ka rufe ka manta.

Inda anka yi aikin da kyau ba wata babbar mashin ba ce. Fos ce, wato ramin tara ruwan datti, ta siminti mai ɗaki biyu wadda ba ta yoyo, ruwan ya kwana ɗaya zuwa uku ciki, mai nauyi ya kwanta ƙasa, maiƙo ya taso sama, na tsakiya shi ka hita ta tiyo. Daga nan ya shiga wani kwami da anka shafe da siminti ko anka shimfiɗa ma leda mai kauri, an cika shi da tsakuwa zurfin wajen santimita 60, an dasa jema ko kacala a kai. Ruwan yana bi ta ƙarƙashin tsakuwar, ba ya hitowa sarari balle sauro ya samu wurin ƙwai, ƙwayoyin halitta da ke manne ga tsakuwa da saiwoyi su ne ka cinye dattin a hankali. Ba kuran, ba gazuwal. Abin da ya hito ba na sha ba ne fa, kar wani ya ce na ce, amma ya isa ban itace.

A Rufisque ta Senegal, bakin teku ita ma, tun shekarun 1990 ƙungiyar ENDA ta haɗa gidaje da ƙananan tiyo zuwa tafkuna masu kainuwa, ee kainuwar nan dai da muke gani bisa tabki muna wucewa.

Yanzu ku dubi unguwannin Yamai na bakin gulbi, Saga, Lamorde, Kirkisoy, da damina. Wallahi halinsu ɗaya da bakin teku, ruwan ƙasa ya taso salanga ta cika ta tumbatsa, ambaliyar 2020 wanda ya gani ya san abin da yara sunka dinga takawa. Gunti Yena kuwa, korin da ya ratsa Yamai, shekara da shekaru tana kwasar ƙazantar gari tana kai ma gulbi, kuma a bakinta ake ban ruwan salati da muke saye kasuwa. Sai kwalara ta zo kamar 2021 da ta taɓa Maraɗi da Tawa a shiga rabon sabuni da ruwan jabel, ta lafa a koma gidan jiya.

Ni inda nake ganin matsalar ba ginin ba ne, magina gare mu. Kulawa ce. Fos sai an kira mota ta kwashe ta bayan 'yan shekaru, in ba haka ba laka ta wuce ta toshe tsakuwar shikenan aiki ya ɓaci, ciyawar ma sai an yanke, kuma a hana zuba man mota da leda ciki. Gida biyar ko shida masu katanga ɗaya za su iya haɗa kuɗɗi su yi kwami guda, amma tun kahin a sayi buhun siminti na farko a zauna gaban mai unguwa a faɗi wa zai riƙe kuɗɗin kwasa, da kuma inda motar za ta kai abin da ta kwasa, don in a bayan gari za ta juye shi cikin kori to ruwan farko zai maido muna da shi.