Bargon ƙyallaye: wane yadi ke zama da wane

Da zarar hunturu ya kama a Maraɗi, daga Disamba zuwa Fabrairu, mayafi ɗaya ba ya isa da asuba. Ga kuma buhunan ƙyallaye jibge a shagunan teloli, musamman bayan ɗinkin salla. Waɗannan guntayen suna iya zama bargo mai hawa uku: fuska ta ƙyallaye da aka harhaɗa, ciki mai riƙe ɗumi, sai bayan bargo. Masu farawa sukan ɓata lokacinsu wajen zaɓen launi, alhali abin da ke lalata aikin shi ne haɗa yadi mai kauri da marar kauri, ko wankakke da wanda bai taɓa ganin ruwa ba.

Kafin komai a tabbatar yadin auduga ne zalla, domin atamfa mai araha da yawa akwai roba a cikinta. A yanki ɗan ƙyalle, a riƙe da awartaki, a kai masa ashana. Auduga tana ci da wuta da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Irin wannan a ware shi. Ba ya raguwa a wanki kamar auduga, ba ya jure dutsen guga mai zafi, don haka idan aka ɗinka su tare, ɗaya ya ja ɗaya, fuskar bargon ta tattare.

Atamfa ita ce ginshiƙin aikin. Saƙarta matsattsiya ce, ba ta warwarewa da sauri, kuma guga na kama ta. Shadda ta fi ta wuya. Taurin nan da sheƙin da take zuwa da su daga kasuwa suna raguwa bayan wanki, kuma allura tana barin huda a jikinta in aka farke ɗinki. Ina ganin ta fi kyau a gefen bargo, a matsayin doguwar iyaka, maimakon a tsakiya inda kusurwoyi huɗu ke haɗuwa su yi tudu. Boyal ya yi shara-shara; wanda ya nace sai ya sa shi, ya shimfiɗa masa akoko a ƙasa ya yanka su tare. Saƙin hannu kuwa zarensa sako-sako ne, yana zazzagewa a baki, sai an ba shi rarar ɗinki ta santimita 1.5. Tsohon zane yana da taushi mai daɗin rufa, amma a ɗaga shi a rana tukuna: duk inda haske ke ratsawa sosai ya riga ya ci, kada a yanka daga wurin.

Wanki shi ne matakin da ba a tsallakewa. Auduga takan ragu da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wankin farko, akoko ma ya fi haka. Tsohon zane ya gama raguwarsa, sabuwar atamfa ba ta fara ba, to in suka haɗu a layi ɗaya ba tare da wanki ba, ranar da bargon ya shiga ruwa za a ga ɗinkin ya yamutse. A jiƙa kowane launi a robarsa daban, a wanke, a ɗauraye har ruwan ya fita garau. Ja da shuɗi mai duhu su ne masu zuba. Gwajinsu mai sauƙi ne: a goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai, in ya ɗauki launi a sake wankewa. Rinin baba yakan daɗe yana zuba, shi ya sa ba a jera shi kusa da fari. A goge yadin da sauran danshi a jikinsa, sannan a yanka.

Ga lissafin bargo mai faɗin santimita 150 da tsawon 210. A yanka murabba'i mai santimita 17 kowane gefe, a bar santimita 1 na ɗinki a duk gefen huɗu, ya dawo 15. Ana buƙatar layi 14, kowanne da ƙyalle 10, wato 140 ke nan. Zane ɗaya na atamfa mai yadi 2 yana ba da kusan 60. A yi ma'auni da kwali mai ƙarfi, a zana da alli, kuma yankan ya bi tsayin zare. Ƙyallen da aka yanka a karkace miƙewa yake yi ƙarƙashin keke, kusurwarsa ta ƙi haɗuwa da ta maƙwabcinsa. Allura lamba 14 ta isa, da zaren auduga. Idan an gama layi, a kwantar da bakin ɗinkinsa da guga zuwa dama, na biye da shi zuwa hagu, don kada kauri ya taru wuri guda ya karya allura.

Ciki kuwa, tsohon gwado ko bargon auduga marar nauyi ya fi sauƙin sarrafawa. Kaɗar da aka shiɓe ta fi ɗumi, sai dai tana dunƙulewa a wanki in layukan ɗinkin da ke haɗa hawa ukun sun yi nisa da juna; da ita kada tazara ta wuce santimita 5, da gwado kuwa 10 ta wadatar. Bayan bargo ya zarce fuska da santimita 5 a kowane gefe. Faɗin atamfa bai kai nan ba, don haka sai an haɗa tsawo biyu, kusan yadi 5.

A shimfiɗa hawa ukun a kan tabarma, a daidaita su da tafin hannu, a kama su da manyan ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Ɗinkin keke ma daga tsakiya ake fara shi, in ba haka ba yadin baya ya naɗe a ƙasa ba a gani ba. Baki kuma a kama shi da tsiri mai faɗin santimita 6 da aka ninka biyu, tsawonsa mita 7.5. A zaɓo shi daga sabuwar atamfa wankakkiya mai duhun launi, don bakin bargo shi ne ke fara cinyewa, shi ne kuma ke fara ɗaukar datti.