Ban-ruwan gonar almon a busasshen kwarin San Joaquin

Gonar almon (wata bishiya ce da ake cin ƙwayar 'ya'yanta) da nake kula da ban-ruwanta tana kudancin kwarin San Joaquin a Kalifoniya, jihar Amurka da ke noma kusan kashi 80 cikin ɗari na almon ɗin duniya. Ruwan sama a nan bai taka kara ya karya ba. Birnin Bakersfield na samun kimanin milimita 160 a shekara, birnin Fresno kimanin 280, kuma da sanyi yake sauka, lokacin da bishiya ta kakkaɓe ganye. Daga Mayu zuwa Satumba da wuya ka ga ko yayyafi. Ita kuwa bishiyar da ta ƙosa milimita 1,200 take nema a shekara, wato kubik mita 12,000 a kowace hekta. Giɓin da ke tsakani, ko dai kanal ya cike shi da ruwan dusar ƙanƙarar duwatsun Sierra Nevada, ko rijiyar burtsatse ta cike shi.

Lissafin kullum daga tashar auna yanayi muke fara shi. Jihar tana da irin waɗannan tashoshi, da ake kira CIMIS, tun 1982, suna ba da yawan ruwan da rana da iska suka sha a filin ciyawa kowace rana. A Yuli yakan kai milimita 7 da rabi. Almon mai cikakkiyar inuwa ya ɗara ciyawa sha, don haka muke ninka wannan da 1.1, ya ba mu milimita 8 da 'yan kai. Milimita ɗaya a hekta lita 10,000 ce. Raba lita 80,000 ga bishiyoyi 300 da ke hekta guda, kowace ta tashi da kusan lita 270 a yini, fiye da ganga guda. Layin bututun ɗigo biyu ne ke bin kowane jeri, kowace bishiya tana da bakin ɗigo 14, kowanne na zubar da lita 2 a awa. Idan aka ƙara kashi goma saboda rashin daidaiton bututu, sai injin ya yi aikin kusan awa 11 kullum.

Wannan rashin daidaiton shi ne inda ruwa ya fi salwanta ba a sani ba. Kafin zafi ya kama muna ɗaukar ƙananan kofuna mu tari ruwa daga bakin ɗigo 40, wasu kusa da injin, wasu a tsakiya, wasu can ƙarshen layi, kowanne na minti biyar. Sai mu ware goman da suka fi ƙaranci, mu fitar da matsakaicinsu, mu raba shi da matsakaicin duka. In ya kai kashi 90, madalla. In ya sauko 75, to manomi zai ga bishiyoyin ƙarshen layi suna yaushi, ya ƙara awa, ya shaƙe na kusa da injin da ruwan da zai zarce saiwa. Abin da ke toshe baki uku ne: yashin rijiya, gansakukar kanal, da farin dutsen da ruwa mai yawan ma'adinai ke bari. Yashi aikin tankin tacewa ne, kuma in gejin matsin ruwa na shiga da na fita suka yi nisa da juna, a wanke shi nan take. Gansakuka kulorin ke kashe ta, farin dutse kuma asid ke narkar da shi. Ƙarshen kowane layi a riƙa buɗe shi ruwa ya ɓulɓulo har sai ya yi garau. Ga ɓeraye da karnukan daji masu tauna bututu da rani, waɗannan sai an taka da ƙafa ake ganin ɓarnarsu.

Lissafi kawai ba ya gaya maka halin da bishiya take ciki. Muna haƙa da ƙarfe zuwa mita ɗaya da rabi mu murza ƙasar a hannu, sannan mu auna ganye. Tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana za ka zaɓi ganyen da ke cikin inuwa kusa da gindi, ka rufe shi da jaka mai sheƙi na minti goma ko fiye, ka yanke shi, ka sa a tukunyar matsi, sandarsa na leƙowa waje. Kana ƙara iska a hankali kana kallo da madubin ƙara girma har ɗigon ruwa ya tsattsafo a bakin yankan. Awo 6 zuwa 10 a ma'aunin matsi na bar, bishiya na cikin wadata. Ya wuce 20, ganye ya fara zuba ke nan.

Da wannan awon ne muka gane cewa ba kowane wata ne ƙishi ke yi wa almon illa iri ɗaya ba. Daga fure a Fabrairu har ƙwaya ta cika a Yuni, duk ruwan da ka hana zai fito a sikeli. Amma da ɓawon waje ya fara tsagewa a farkon Yuli, da gangan muke rage ruwa na kamar mako biyu, mu riƙe awon tsakanin 14 da 18. Ribar biyu ce: ruwa ya ragu, ga kuma ruɓar ɓawo ta ragu, cutar fumfuna da ke shiga ta tsagar ta kashe reshen da zai yi 'ya'yan baɗi. Kafin injin girbi, mai girgiza bishiya 'ya'ya su zubo, ya shigo a Agusta ma akan ɗauke ruwa, don jiƙaƙƙiyar bishiya hannun injin na saɓule mata fata, kuma a ƙasa ake shanya almon ɗin.

Inda ba a wasa shi ne bayan girbi. Mutane sun gaji, kason ruwan kanal da aka ware wa gona na shekara ya kusa ƙarewa, bishiya ba komai a kanta, sai a ga kamar ta gama aiki. Alhali a Agusta da Satumba ne take ƙulla idon furen shekara mai zuwa. Wanda ya bar ta da ƙishi a lokacin, sai Fabrairu zai ga sakamakon. In kason shekara ya gaza, gara a rage kaɗan-kaɗan a dukan watanni a ajiye na bayan girbi, da a shayar sosai da bazara a wayi gari ba ko ɗigo a Satumba.

Ruwan rijiya kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Wanda awon gishirinsa ya nuna 1 a ma'aunin dS/m yana ɗauke da kimanin miligiram 640 a lita. A kubik mita 12,000, kusan tan 8 na gishiri ke nan kake zuba wa hekta guda duk shekara. Ɗigo yana tura shi gefen da'irar danshi, har ka ga farin zobe a ƙasa. Almon ba ya jure gishiri: da gishirin ƙasa ya haura 1.5 amfani ya fara sauka, gefen ganye na ƙonewa. Maganinsa wanki ne da sanyi, a zuba jipsam (farin garin ma'adini mai gyara ƙasa) in sodiyam ya yi yawa, a saki ruwa mai kyau a hankali ya kora gishirin ƙasa da saiwa. Shi ya sa a yammacin kwarin, inda ƙasa ke da gishiri, da yawa suka koma noman fistashiyo, wani itace mai ƙwaya, wanda ke jure ninkin abin da almon ke jurewa.

Taki ma akwai lissafinsa. Kowane tan na ƙwaya yana fita da kilo 68 na naitirojin, gona mai tan 3 a hekta tana neman kamar kilo 200. Idan ruwan rijiyarka na da miligiram 10 na naitirojin a lita, kilo 120 ya riga ya kawo maka kyauta. Wanda bai auna ba ya zuba cikakken taki, rarar ta gangara cikin ruwan da ƙauyukan ma'aikatan gona ke sha, kuma miligiram 10 ɗin nan shi ne iyakar da doka ta yarda a ruwan sha, saboda jarirai.

Duk wannan gyara ne a cikin gona, kuma ban yarda shi kaɗai zai warware matsalar ba. Ɗigo yana ƙara amfanin kowace lita, amma bai rage abin da bishiya ke sha ba, ya kuma tsayar da rarar da ban-ruwan malale ke mayarwa ƙarƙashin ƙasa. Mai auduga ko tumatir yana iya barin gona ta huta a shekarar fari. Mai almon ya ɗauki nauyin shekara 25. A 2014 da 2015, sannan 2021 da 2022, manoma da yawa a kudancin kwarin ba su samu komai daga kanal ɗin gwamnatin tarayya ba, kowa ya koma rijiya. Mai hali ya haƙa mita 300 ko fiye, rijiyoyin gidaje marasa zurfi suka ƙafe, kamar yadda aka gani a garin East Porterville a 2014. Idan aka zuƙe ruwa daga cikin yumɓu, sai ya matse ƙasa ta lotsa, kuma ba ta komawa yadda take. Kusa da garin Mendota ƙasa ta sauka kimanin mita 9 tsakanin 1925 da 1977. Kanal ɗin Friant-Kern ya lotsa har wani sashensa ya rasa fiye da rabin ruwan da yake iya ɗauka.

A Satumbar 2014 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu kan dokar ruwan ƙarƙashin ƙasa, wadda ta ba yankunan da abin ya fi tsanani wa'adin 2040 su daidaita abin da suke ɗiba da abin da ke komawa. Yanzu wurare da yawa an yanka wa kowace eka kasonta, wanda ya zarce ya biya. Cibiyar bincike ta PPIC ta ƙiyasta cewa aƙalla eka 500,000 za su fita daga noman rani a kwarin.

Mu abin da muke yi biyu ne. A shekarar ruwa, irin 2023 da tafkin Tulare, wanda ya ƙafe, ya dawo, muna karɓar rarar kanal a Disamba da Janairu mu malala ta a ɓangaren da ke da jigawa, bishiya na barci, ba ma barin ruwan ya kwanta kwanaki da yawa a gindi, kuma ba ma yi a filin da awo ya nuna ragowar taki. Na biyu, duk ɓangaren da ya tsufa muka tumɓuke, muna niƙe itacen mu cuɗa shi da ƙasa don ta ƙara riƙe danshi, sannan kafin a sa dashe mu raba ruwan da muke da tabbacinsa a shekarar fari da kubik mita 12,000. Adadin hektar da ta fito ita muke dasawa, sauran filin a shuka alkama da sanyi ko a bar shi tafkin mayar da ruwa.